Abin da Ke Kashe Shirin Mai Ƙaramar Sana'a: Fashin Baƙi Daga Shagon Tela

Duk shekara, da an sauko daga Idin ƙaramar sallah, teloli suna da shiri iri ɗaya. Baɗi ba za su sake kwana a shago ba. Za su rufe karɓar ɗinki tun goma ga azumi, su ƙaro keke, su saka sola, su ɗinka kayan yara su ajiye tun Rajab domin wanda ya zo a makare ya saya ya tafi. Babu abin kushewa a wannan shiri. Amma baɗin na zuwa, daren sallah za ka sake tarar da su ido jawur, janareta na ta ruri, mutum uku a kan benci kowa ya haɗe rai, wani yana cewa, "Malam, yau mako uku ke nan kana ce mini gobe."

Ba tela kaɗai ke cikin wannan hali ba. Mai kantin unguwa da ya daɗe yana cewa zai fara saro kaya kai tsaye daga kasuwar Singa ta Kano, da mai kiwon kaji da za ta ƙara keji, da mai sayar da turaren wuta a WhatsApp da za ta kama shago, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Na ɗauki tela ne saboda a shagonsa komai a fili yake: ranar da aiki zai ƙare sananniya ce, kuɗin da ke shiga ana ganinsu, kuma idan shiri ya rushe, duk unguwa sai ta ji.

Ka tambayi telan me ya hana, zai ce rashin jari da halin da ƙasa ke ciki. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, alhali mafi yawan shadda da yadin da ke Kantin Kwari daga waje ake shigo da su. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, lissafin da aka yi a Shawwal kafin Rajab ya tsufa. Rancen banki kuwa, ko mutum bai damu da haramcin kuɗin ruwa ba, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024, me ake tsammani bankin kasuwanci zai caji tela mai keken ɗinki uku?

Sai dai akwai abin da wannan amsa ba ta warware ba. A layi ɗaya za ka ga shago biyu, fetur ɗinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, ɗaya ya saka solar, ɗaya yana nan yana cewa zai saka. Sannan mu tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. An sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. 'Yan kasuwar da suka shekara biyar suna cewa "zan buɗe asusu" cikin mako guda suka buɗe. Mai shayi ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya rataye, mai nama ya koyi duba alat. Ba jari aka ƙara musu ba, ba kwas aka kai su ba. Abin da ya sauya shi ne aikin ya sami rana, kuma rashin yinsa ya sami farashin da ake gani da ido kullum da yamma. Mafi yawan shirin da ke mutuwa, waɗannan biyun ne ba su da shi.

Mu ɗauki maganar solar. "Zan saka sola" buri ne kawai, domin ba wanda zai iya tashi da safe ya aikata shi. Abin da za a iya aikatawa shi ne a zauna da biro a lissafa me ke cin wuta a shagon. Tela da ya yi wannan lissafi yakan sha mamaki. Dutsen guga na lantarki shi kaɗai yana jan abin da ya fi kekuna biyu. Tsohuwar motar babban keke tana juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi, alhali akwai sabuwar irin da ba ta motsi sai an taka, kuma wutar da take ci ba ta kai ta tsohuwar ba ko kusa. To idan aka bar guga a kan gawayi, aka sauya mota, aka sa ƙwayayen lantarki marasa jan wuta, solar da ake bukata ta ragu ƙwarai, kuɗinta ma haka. Daga nan sai lissafi na biyu. A ce shagon yana ƙona lita 4 a rana, a ce lita naira 900 ce. Naira 3,600 ke nan kullum, 93,600 a kwanakin aiki 26. Idan mai haɗa sola ya ce kayan za su ci 900,000, cikin wata goma kuɗin man da ba a saya ba sun biya su. Yanzu magana ta sauya. Da tambayar ita ce "ina zan samu wannan uban kuɗi?" Yanzu ta koma "tunda ina biyan kusan dubu ɗari duk wata ga gidan mai, wa zai ba ni kayan in riƙa biyansa a hankali?" Tambaya ta biyun tana da inda za a kai ta: wurin mai sayar da kayan, wurin ubangida, ko wurin 'yan adashe.

Amma inda gizo ke saƙa ya wuce nan. Babban makashin shiri a ƙaramar sana'a aljihu ɗaya ne.

Dubi yadda kuɗi ke tafiya a shagon tela cikin azumi. Kwastoma ya kawo yadi, an yi awo, ya ba da kafin alƙalami. Wani ya zo, shi ma ya bayar. Kafin goma ga wata aljihu ya yi nauyi, alat sai shigowa yake. A wannan lokacin ne tela ke jin cewa bana an samu, kuma a kan wannan jin ne ake gina shirin baɗi. Alhali waɗannan kuɗi ba nasa ba ne tukuna. Amana ce, a cikinsu akwai zare da maɓalli da shafi, akwai kuɗin mai surfani, akwai fetur, akwai ladan yaran da za su kwana a kan keke. Amma daga aljihun nan ake cefanen buɗa-baki, daga nan ake sayen kayan sallar iyali, daga nan ake fitar da zakkar fid-da-kai da barka da sallar 'yan'uwa. Zuwa ashirin ga wata, sai ya zama ana sayen zaren aikin Musa da kafin alƙalamin Isa. Wannan shi ne asalin dalilin da ya sa tela ba ya iya rufe karɓar ɗinki ko da ya yi rantsuwa zai rufe. Mutane suna ɗauka haɗama ce. Sau da yawa ba ita ba ce, sabon kuɗi yake bukata domin ya gama tsohon aiki. Ana gama sallah sai ya duba ya ga wayam, kuɗin da za a ƙaro keke da su dama ba su taɓa wanzuwa ba.

Maganin wannan kowa ya san shi, aikatawar ce wuya: mai shago ya yanka wa kansa albashi kamar yadda yake yanka wa yaronsa, kullum ko duk mako, abin da ya wuce haka ba ya shiga gida. Kuɗin aikin da ba a gama ba su zauna a wuri ɗaya, ribar aikin da aka miƙa a wani wurin. Yanzu da ake buɗe asusun OPay ko Moniepoint a waya, raba wurin ajiya ba ya cin komai. Ga mata masu ɗinki a cikin gida abin ya fi tsanani, domin shagon da kicin ƙofarsu ɗaya, kuma "ara mini dubu biyar zuwa anjima" daga bakin maigida ba a cika rubuta ta ba, ba a kuma cika mayar da ita ba.

A nan ina da saɓani da masu koyar da kasuwanci da ke cewa a raba sana'a da dangi kwata-kwata. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin gobarar kasuwa ba. Ranar da shago ya ƙone, ko ruwa ya shiga ya lalata kaya kamar yadda ya faru a Kantin Kwari a daminar 2022, mafi yawan masu ƙananan shaguna ba su da inshora. Waɗanda ka yi wa gudummawar biki da suna, waɗanda ka kai wa kuɗin asibiti, su ne ke haɗa maka abin da za ka tashi da shi. Zumunci yana cikin kuɗin gudanar da sana'a a wurinmu. Abin da ya rage shi ne a yanka masa kasonsa tun farkon wata, a san iyakarsa, ta yadda idan ya ƙare mutum zai iya cewa "Wallahi Kawu, na wannan watan ya fita, a yi mini haƙuri zuwa sabon wata" ba tare da ya taɓa uwar kuɗi ba.

Adashe kuwa, ina ganin ba a ba shi darajar da ta kamace shi. Abin da ya fi asusun banki da shi shi ne yana da rana kuma yana da shaidu. Ba ka isa ka ce yau ba ka jin zubi ba. Amma mutane da yawa suna shiga adashe ba tare da tunanin watan da kwasarsu za ta faɗo ba. Telan da kwasarsa ta zo mako biyu bayan sallah, biki da gyaran ɗaki za su cinye ta. Wanda ya roƙi uwar adashe tun farko ta sa shi a Jimada Sani ko farkon Rajab, kuɗin za su iso daidai lokacin sarin yadi, kafin farashi ya hau. Kuɗin ɗaya ne, watan ne ya bambanta. Sai dai a san hannun da ake zubawa, domin labarin uwar adashe da ta yi ɓatan dabo ba baƙo ba ne a kowace kasuwa.

Sai batun ɗinkakkun kaya, wanda shi ne mafarkin kusan kowane tela, kuma shi ne inda aka fi faɗuwa. Abin da ba a lissafawa shi ne kwana nawa naira za ta yi daga ranar da ta fita zuwa ranar da za ta dawo. A ɗinkin kwastoma, yadin nasa ne, har da kafin alƙalami ya ba ka, wato da kuɗinsa kake aiki. A ɗinkakkun kaya lamarin ya juye. A ce ka fitar da naira 300,000 a farkon Rajab ka ɗinka kaftanin yara 40. Ba za su motsa ba sai goman ƙarshe na azumi, kusan kwana 80 ke nan kuɗinka na rataye a jikin bango. Idan rabi suka rage, akwai babbar sallah bayan wata biyu da kwana goma, amma a lokacin hankalin iyaye yana kan rago. Idan ita ma ta wuce, sai jiran wata tara ko fiye, kuma kafin nan yayin aikin wuya ya sauya, launin da aka yi rububinsa bana ya zama na bara. A takarda ribar tana da kyau. A shago kuwa, ga kaya ga rashin kuɗin zare.

Saboda haka mai hankali yakan fara da guda goma. Ya ɗinka girma uku, launi biyu, ya rataye a bakin ƙofa, ya sa hotonsu a waya. Abin da zai koya daga goman nan babu mai iya faɗa masa a baki: shin na 'yan shekara biyar ne ke fita ko na 'yan goma, shin uwa ce ke saye ko uba, shin a kan wane farashi ake ajiye riga a juya. Wasu na ganin farawa da goma ƙasƙanci ne, wai wane ya ɗinka ɗari biyu. Wanen nan ya shekara nawa yana yi, kuma su waye ke sarar kayansa su kai ƙauye? Ba a tambaya.

Wannan ɗabi'ar ta kwafar shirin maƙwabci, ko kwafar shirin bara, ba a ɗinki kaɗai take ɓarna ba. Waɗanda suka sayi masara da gero da kakar 2023 suka ajiye sun ci riba mai yawa, saboda farashi ya yi ta hawa. Ganin haka, da kakar 2024 har waɗanda ba su san hanyar kasuwar hatsi ta Dawanau ba suka kwashi kuɗin sana'arsu suka zuba a hatsi. Alhali tun Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin ya sauko, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari. Su kam sun aikata shirinsu, ba su tsaya a baki ba. Abin da ba su yi ba shi ne tambayar ko dalilin da ya kawo ribar bara yana nan.

Bashi ma yana cikin wannan lissafi na dawowar kuɗi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shagon da ya ce ba ya bayarwa sam zai rasa rabin unguwa. Matsalar ita ce bashin da ba a rubuta ba. Abin mamaki, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali, amma ɗan kasuwa zai ji kunyar ɗauko littafi a gaban babban mutum. Na ga yadda wani dattijon tela yake yi, kuma ban ga wanda ya taɓa jin haushi ba. Yana miƙa kayan yana buɗe littafi yana cewa, "Ranka ya daɗe, bari in rubuta, ka san kan nawa ya tsufa. Wace rana zan aiko yaro?" Laifin ya ɗora wa kansa, amma ranar ta fito daga bakin mai bashin.

Mu koma ga alƙawarin rufe karɓar ɗinki, wanda shi ne ya fi jawo wa teloli zagi. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana goma ko sha ɗaya, don haka sallar da aka yi ranar 10 ga Afrilu a 2024, ranar 30 ga Maris aka yi ta a 2025. Wanda ke lissafi da watannin bature kawai, duk shekara azumi zai riske shi bai shirya ba. Lissafin da ke aiki daga baya ake faro shi. A ce shago yana iya kammala kaya 5 a rana, a ce akwai kwanakin aiki 25. Kaya 125 ke nan idan komai ya tafi daidai, kuma komai ba ya tafiya daidai. Yaro zai yi zazzaɓi, allura za ta karye, wani zai dawo da wando a rage masa tsawo, wuta za ta ɗauke. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata manyan layukan da ke kawo wuta. Don haka a cire kashi ɗaya cikin biyar, saura 100. Wannan lambar ita ce shirin. Ranar da littafi ya kai shafi na ɗari, an rufe, ko da biyar ga azumi ne.

To amma wa zai iya cewa a'a ga mutum na ɗari da ɗaya? Domin na ɗari da ɗayan nan ba baƙo ba ne. Alhajin da ya shekara goma yana kawo maka ɗinkin gidansa gaba ɗaya ne, ko limamin unguwa, ko surukinka. Shirin da bai san da zuwansu ba, ranar da suka zo zai rushe, kuma da zarar an karya doka don mutum ɗaya, ta karye ga kowa. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a rufe wa jama'a a 90, a ɓoye gurbi goma don waɗanda ba a iya mayarwa. Sauran kuma a faɗa musu gaskiya tun a tsaye: "Yaya, idan na karɓa zan ba ki kunya. Ga wane a layin baya, aikinsa mai kyau ne, ki ce ni na turo ki." Ciniki ɗaya ya tafi, amma matar za ta dawo bayan sallah. Wadda aka riƙe wa atamfa har ta je Idi da tsohuwar riga ba za ta dawo ba, kuma duk gidan bikin da ta shiga sai ta ba da labari.

Littafin ma yana da yadda ake riƙe shi. A shagunan da ba a rikici, kowane shafi yana da suna, da awo, da kuɗin da aka bayar da wanda ya rage, da ranar karɓa, sannan an yanko ɗan ƙyallen yadin an maƙala a gefen shafin. Kowace safiya ana jera aikin ranar bisa ranar karɓa. A shagunan da ake rikici kuwa, wanda ya fi ɗaga murya jiya shi ake fara yi wa yau.

Akwai kuma tambayar wa zai yi. A yawancin ƙananan shaguna, maigida shi ne mai awo, shi ne mai yanka, shi ne mai zuwa kasuwa, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai ba kwastoma haƙuri. Duk sabon shiri a kansa zai sauka, shi kuwa ba shi da sa'a ɗaya da ba ta da aiki. Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja suna dawowa da goro ba haka suka yi ba. Ayari yana da madugu mai yanke hukunci, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, da uban dawaki mai kula da abin da za a biya a garuruwan da aka ratsa. Tafiyar watanni ce, kuma ba ta yiwuwa a kan mutum ɗaya.

A shagon ɗinki, maƙogwaron aikin shi ne yanka. Keke biyar za su zauna jiran almakashi ɗaya. Ƙaro keke na shida, wanda shi ne shirin da aka fi yi, ba zai ƙara ko riga ɗaya ba matuƙar mai yankan ɗaya ne. Abin da zai ƙara shi ne a koya wa babban yaro yanka, a fara da wando da kayan yara. Iyayengiji da yawa ba sa so, suna cewa yana iyawa zai tafi ya buɗe nasa, ya ja kwastomomi. Gaskiya ne, zai tafi, kamar yadda shi ma maigidan ya bar nasa ubangidan. Amma yaron da aka hana almakashi shi ma tafiya yake yi, sai dai ya tafi da ƙullaci, kuma shekarun da ya yi a shagon ba a ci moriyarsu ba. Wanda aka koya wa aka yaye shi da albarka, shi ne wanda za a tura wa aikin da ya yi yawa a goman ƙarshe.

Batun takardun gwamnati ba zan daɗe a kansa ba. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni tana da amfani idan akwai ƙofar da za ta buɗe. Makarantar da za ta ba da kwangilar yunifom a Satumba takan nemi asusu mai sunan shago, masu POS kuwa tun 2024 aka wajabta musu rajistar. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna iya sayen keke ko sola su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, amma za su so ganin yadda kuɗi ke shiga asusunka na tsawon watanni. Wanda cinikinsa duk a aljihu yake ƙarewa ba shi da abin nunawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jingine shiri a kan jiran tallafi. TraderMoni, rancen da gwamnatin tarayya ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa a 2018, naira 10,000 ne ga mutum.

Wani lokacin kuma aikata shiri yana nufin sakinsa. Lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawan mulki auduga suka sa rai za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano da 'yan kasuwarta suka auna suka ga gyaɗa ta fi biya, ga shi ana iya cinta idan shekara ta yi tsanani, suka karkata can, har dalar gyaɗa ta zama tambarin garin. Ƙaramin ɗan kasuwa yana da wannan damar fiye da babban kamfani, domin juyawarsa ba ta bukatar taron kowa. Abin da ke hana shi shi ne ya riga ya faɗa wa mutane, yana jin kunyar a ce ya fasa. Shi ya sa ya fi kyau a gindaya sharaɗin tun kafin a fara, lokacin da rai bai shiga ba: idan zuwa 25 ga azumi ba a sayar da shida cikin goman nan ba, ba za a ƙara ɗinka wasu don babbar sallah ba.

Waɗanda suka rage kuma kada a bar su a rataye ana jiran farashin da aka sa musu a zuciya. Duk wanda ya taɓa ƙirga hajarsa don fitar da zakka ya san yadda ake tarar da kayan da suka shekara biyu a lungu, sun yi ƙura, ana lissafa su a matsayin dukiya alhali ba sa sayen ko zare ɗaya. A mako na biyu bayan sallah a sauke su, a karya farashi zuwa abin da aka kashe, ko a ba mai bin kasuwannin mako ya tafi da su Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi a yanka masa la'adarsa. Abin da ya dawo a mayar da shi asusun uwar kuɗi a ranar, kafin a isa gida.